Buhun da bai farka ba

Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin Damargu, in yana tsoron Allah, sai ya ware wa fara babi guda, ya kuma sa shi gaban babin mayaƙa. Na koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye a yankin Gangara, na karanta abin da ya sawwaƙa na littattafai, amma ban taɓa ganin inda aka ba wannan halitta haƙƙinta ba. A shekarun yunwa kaɗai ake ambatonta, nan ma a kujerar wanda ake tuhuma. Babu wanda ya rubuta ɗakunan da ta yi wa rufi, ko tukwanen da ta ɗora a murhu a shekarar da babu komai a rumbu sai iska. Ta ci geronmu, mu ma mun ci ta, kuma da za a je gaban alƙali ban san wanda zai fara shigar da ƙara ba.

Abin da ya sa na tayar da maganar, samarin nan ne da ke cika bencin mai shayi a tashar Tanut. Duk ranar da kabu-kabu bai yi ciniki ba, sai ka ji ɗayansu ya ce shi kam bana fara zai shiga, wai sana'a ce da ba ta son komai sai buhu da cocila, kayan ma Allah ne Ya zuba su a daji. Nakan saurare su ban tanka ba, don wanda ya tsaya gaban aji ya saba jin amsar da ba daidai ba ana faɗinta da ƙarfi. To ga darasin nan, kyauta, kuma babu jarrabawa a ƙarshensa.

Aikina na farko a hannun Baba Kanta wankin tano ne, wato gangar ƙarfe. Baba Kanta mutumin Falanko ne, dogo, yana da kunne ɗaya mai ji sosai, da ɗaya da ya ajiye don masu neman ragi. Shi ke sayen fara a hannun matan ƙauyuka, ya dafa, ya shanya, ya kai Damagaram. Da bakuna suka yi yawa a gidana, na kuma gane alli ba ya ƙosarwa, sai na je na ce ya koya mini. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce ya ji labarin na iya Faransanci, amma fara ba ta ji. Ya miƙo mini yashi da tsumma, ya nuna mini wani tano da aka yanka gida biyu. Ya ce wannan man gyaɗa ya ɗauka a da, shi ya sa ya saya. Ranar da kuwa na kawo masa tanon da ya taɓa ɗaukar man gazuwal ko maganin feshi, ko an wanke shi har yana nuna fuska, in koma wa allona. Har ya rasu bai daina kirana Mushe ba, kamar yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu da Faransanci, sunan kuma ya biyo ni kasuwa ya zauna.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da sharaɗinsa. Buhu na algarara ne, mai numfashi. Buhun leda yakan dafa fara da guminta tun kafin ta ga wuta, ta yi baƙi, ta yi wani wari da ba ya barin hannu. Akwai matsami mai dogon mariƙi, don tururin tano ba ya sanin wanda ya yi boko. Akwai gishiri, da tabarmin shanya, da tiyar awo, da sanda doguwa ta korar kaji. Ruwa sai ya tafasa sosai ake juye fara, da ranta, kuma da zarar ta yi ja ake tsame ta. Ka yi jinkiri ta saki ƙafafu, cikinta ya fashe. Ka yi gaggawa ta ruɓe a hanya. A shanya ta baje, ba a tara ba, ana juyawa, har sai ka damƙi hannu guda ka girgiza ka ji tana ƙara kamar busasshen wake a cikin kwansonsa. Wannan ƙarar ba a koyar da ita da baki. Na ɓata tabarma fiye da guda kafin kunnena ya kama ta, kuma kowace na ɓata, Baba Kanta yakan tambaye ni ko haka ake yi a Faransa.

Sai sanin ita kanta farar. Akwai babe, babba, mai son bishiya. Akwai ta karan gero, wadda ta fi kowace maiƙo. Akwai ta tumfafiya, mai ado kamar za ta biki, wadda ko kaza mai hankali ba ta taɓawa. A cikin kowane iri kuma mace ake nema, mai ƙwai, wadda cikinta ya cika ya yi nauyi. Namiji ƙafafu ne da fukafukai da girman kai.

Abin da samari ba su sani ba shi ne, wannan sana'a ba a kan fara take tsaye ba. A kan haɗuwar abu biyu take tsaye, kuma kowannensu da kalandarsa. Fara takan binne ƙwanta a ƙasa a ƙarshen damina. Ƙwan ya kwana nan duk rani, rana ta gasa shi, awaki su taka shi, bai ce komai ba. Sai ruwan shuka ya sauka ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su fito ba fukafukai, su ci ɗanyar ciyawa, su yi ta saɓa suna girma tare da gero. Lokacin da aka yanke gero aka ɗaure dammuna, ita ma ta ƙosa, ƙwai ya cika ta. Wannan kalanda ta farko ke nan. Ta biyu ta sanyi ce. Daidai wannan lokacin ne sanyin asuba ke fara sauka, kuma fara ba ta da ɗumin jikinta, na rana take ara. In sanyi ya kama ta sai ta sandare a jikin kara ko reshen anza, ba ta tsalle, ba ta tashi. Mata su fita bayan sallar asuba su yi ta tsinta kamar gyaɗa, kafin rana ta ɗaga su cika buhu. Ƙoshin fara da saukar sanyi, 'yan makonni kaɗan suke haɗuwa a shekara. A cikin waɗannan makonnin ake cin abincin shekara. Wanda ke shakka ya gwada kama fara da tsakar rana, ya zo ya ba mu labari in numfashinsa ya dawo.

Ranar da na fara zama wurin awo, a gindin wata aduwa bayan kasuwa, mata suka sauke buhuna suka jera, ni kuwa na ɗauko tiya zan nuna ƙwazo. Baba Kanta ya riƙe mini hannu. Ya ce a zauna. Muka zauna, aka kawo fura aka sha, matan suna ta hirar bikin da za a yi a garinsu, babu mai gaggawa sai ni. Da hantsi ya yi, rana ta bugi buhunan, sai ya ce in sa kunne. Da farko ban ji komai ba. Can sai wani motsi kaɗan, sai wani, sai buhun gaba ɗaya ya ɗauki ƙara kamar yayyafi a rufin kwano, jikinsa yana rawa. Ya ce buhu ya farka, yanzu a auna. Ƙa'idarsa ke nan: ba a auna buhun da bai farka ba. Buhun da ya farka farar yau ce, da ranta, kuma a cikin wannan motsin take zubar da abin da ke cikinta, ta yi tsabta kafin tano. Wanda ya yi shiru kuwa kwanan jiya ne, ko an shaƙe shi a leda. A lokacin iyakar abin da ƙa'idar ke kamawa ke nan: ragwanci da ƙaramar dabara.

Maganar guba ba ta cikin lissafi, don feshi aikin damina ne. Ana yin sa a farkon shuka, lokacin da 'ya'yan fara ke aske gero yana ɗan tsiro, kuma duk wanda ya fesa gonarsa yakan ɗaura jan tsumma a sanda a bakin gonar, saboda makiyaya da masu tsinkar ganye. Kafin kaka ruwa ya wanke maganin, rana ta cinye tsumman. Tsakanin mai feshi da mai kamu akwai damina sukutum. Ba su taɓa haɗuwa a hanya ba, balle su gaisa.

Duk abin da muka shanya, Hajiya Mariyama ce ke karɓa. Tana da kasko uku a kusa da tashar mota a Damagaram, da 'yan mata masu ƙullawa a leda, kuma daga 'yan makarantar lise har soji har direbobin manyan motoci babu wanda bai san yajinta ba. Ba ta yabon kaya. Takan zura hannu can ƙasan buhu, ta ɗauko ɗaya, ta ɓalle kai, ta duba ciki, ta tauna, sannan ta ce ta ga wadda ta fi wannan. In ta faɗi haka, kayan sun yi. Ranar da Baba Kanta ya kai ni wurinta, ya ce mata ga wanda zai gaje shi, ta ce ba ta damu da wanda ya kawo ba, sharaɗinta ɗaya ne: kaskonta kada ya huce a lokacin fara. Bayan rasuwarsa na riƙe wannan sharaɗi shekara da shekaru, ita kuma ba ta sayi ta kowa ba sai tawa, ko da wasu sun kawo mata da sauƙi.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, shi ya sa babu wanda ya yi kururuwa. Wata shekara ruwa ya sauka tun bazara, mai ƙarfi, ƙwai ya ɗauka damina ce ya ƙyanƙyashe, sannan sama ta rufe bakinta wata guda. 'Ya'yan suka fito ba ciyawa, suka mutu a kan rairayi, tururuwa ta kwashe. Wata shekarar kuma zafi ya yi yawa, fara ta girma da sauri, ta ƙosa gero bai nuna ba, ta zuba ƙwanta ta mutu ko ta yi kudu tun ana kwana a tsakar gida ba mayafi. Da sanyin ya ga dama ya iso, sai ya tarar da mazaje da tsofaffi. Malamin gona na yankinmu, wani yaro mai haƙuri da ke yawo a kan moto, wato babur, ya taɓa yi mini bayani a bakin rijiya. Ya ce ƙwaro ba ya ƙirga watanni, zafi yake ƙirgawa. In zafi ya ƙaru agogonsa ya yi sauri, sanyi kuwa kullum ƙara makara yake. Na ce masa wannan darasi ni ma na taɓa rubuta shi a allo da hannuna, har na ja masa layi. Ya ce shi ma a allo ya koya, kuma har yanzu bai san ranar da zai ce wa manoma su shirya ba. Kalandar Baba Kanta ta daina aiki, ta malamin gona ba ta fara ba, mu kuma muna tsakiya da tano.

Sai shekarar da nake son ba ku labarinta. Damina ta makara, ta kuma ƙi tafiya. An yanke gero, an ɗaure, an kai rumbu, amma ruwa ya ƙara sauka sau biyu, ciyawa ta sake tsirowa, wata sabuwar fara ƙanana ta fito a lokacin da ya kamata a ce iyayenta ne ke cikin buhu. Sanyi kuwa shiru. Mata su fita da asuba, fara ta gan su ta tashi fir, kamar da azahar. Abin da suke kawowa bai rufe gindin buhu ba, kuma tun daga nesa kake jin ƙararsa, don bai yi barci ba balle ya farka. Hajiya ta yi ta kira a salula. Da farko tana tambayar iyali kafin ta tambayi fara, daga baya ta daina tambayar iyali. A ƙarshe ta ce motar da ke tashi ranar kasuwar Tanut ita ce iyaka: in babu buhunana a cikinta, akwai wani mutum daga kudu da ya daɗe yana yi mata sallama, za ta amsa.

Ana saura kwana kaɗan ga kasuwar, da safe, sai ga amalanke ya tsaya a gindin aduwa, shaƙe da buhuna. Inna Habsu ce a gaba. Ita ce babbar matan kamu na wani ƙauye gabas da Gangara, gajeriya, mai murya kamar ta mutum biyu, kuma tun zamanin Baba Kanta take kawo mana kaya. Tun ba ta sauko ba take faɗin labarin. Ta ce sanyi ya sauka a kwari. Akwai wani kwari a bayan garinsu, wuri mai zurfi inda raɓa ke daɗewa, kuma kowa ya san can sanyi ke fara kwana kowace shekara. Ta ce sun tarar da fara a zube, a jikin ganye, a ƙasa, a gindin kara, ko motsi ba ta yi, irin na da. Har masu goyo sun cika zane. Mutanen kasuwa suka taru ana barka. Wani tsoho ya ce dama ya ji gwiwarsa na ciwo tun jiya, ya san sanyi na hanya. Na buɗe buhu ɗaya na duba: manya da ƙanana a haɗe, amma akwai masu ƙwai da yawa, jikinsu da laushi, babu wari. Na sa aka hura wuta a ƙarƙashin tano biyu. Na kira Hajiya na ce ta wanke kasko.

Sannan na ce a zauna.

Aka kawo fura. Hantsi ya yi, rana ta bugi buhunan. Na sa kunne, shiru. Na ce wataƙila sanyin kwari ya fi ƙarfi, a ja su fili. Aka ja su tsakiyar rana. Ruwan tano ya tafasa, aka ƙara wani, ya sake tafasa. Ni kaina gumi nake yi, na tuɓe riga ta sama. Na sake sa kunne a kowane buhu, ɗaya bayan ɗaya. A wani na ji ɗan motsi, na zazzage kaɗan a tabarma, sai na ga wasu suna kwance a bayansu, ƙafafunsu na karkarwa a hankali, ba irin shurin farar da ta ji rana ba. Buhunan nawa ne, na algarara, ni na raba musu, don haka ba shaƙewa ba ce. Kuma ba kwanan jiya ba ce, Inna Habsu ba ta taɓa yi mini haka ba.

Ta lura da abin da nake yi, ta taso.

"Mushe, fara ka zo saye, ko waƙa kake jira ta yi maka?"

Na ce buhu bai farka ba, Inna.

"To ya gaji. Kai ma da ka kwana a kwari da ba ka tashi ba. Kanta ya mutu ya bar maka kunne, bai bar maka ido ba? Dubi ƙwai!"

Matan suka yi dariya, ni ma na yi, don maganar ta yi daɗi. Ta ƙara da cewa ai malamai sun ce fara ba ta buƙatar yanka. Na ce wannan na bar wa malamai. Ni tambayata ita ce me ya kwantar da ita, tunda ni ban ji sanyin da zai yi wannan aiki ba, ko a kwari. Na ce a rage wutar, kada kowa ya taɓa buhu, kada a bar kaji su matso. Na ɗauki kabu-kabu, na ce ta hau baya ta nuna mini wurin. Ta hau tana faɗa wa mai moton cewa ilimi in ya yi yawa yakan taɓa kai.

Kwarin kore shar, kamar tsakiyar damina. A tsakiyarsa gonar wake ce, ta wani Malam Idi, waken yana fure, saboda ruwan ƙarshen nan ya ba shi rai na biyu. Ban yi nisa ba na ji warin, ɗan kaɗan, irin mai kama maƙogwaro. A reshen wata magarya ga kwalbar magani an rataye, babu komai ciki, fanfon feshi kuma yana jingine a bukka. Malam Idi ya fito yana yi mana maraba. Ya ce ƙananan farar nan da suka fito a makare sun sauka wa wakensa, za su cinye furen, shi ne ya sayo magani a kasuwa ya fesa jiya da la'asar, kuma alhamdu lillahi ya yi aiki, yau da ya zo bai ga ko ɗaya ba, har gawarwakin ma kamar an share.

Inna Habsu ta tambaye shi ina jan tsumma. Ya ce ai tsumma don makiyaya ne, su kuwa suna arewa ba su gangaro ba, ciyawa ba ta ƙare musu ba. Ta ce masu kamu fa? Ya dube ta da mamaki na gaske.

"Inna, wa ke kamun fara wake na fure?"

"Wa ke feshi gero na rumbu?"

Suka tsaya suna kallon juna. Ban taɓa ganin gardamar da kowa ke da gaskiya kamar wannan ba. Shi yana cikin damina, don wakensa ya gaya masa haka. Ita tana cikin kaka, don rumbunta ya gaya mata haka. Gona ɗaya, safiya ɗaya.

Na kira malamin gona. Ya ce a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a juye, a rufe, buhunan a ƙone, duk wadda ta tsinta ta wanke hannu da sabulu ta canja zane, in wata ta ji jiri ko amai a kai ta wurin likita. Da na faɗa wa matan, sai aka shiga shawara. Wata ta ce a dafa sau biyu da kanwa. Wata ta ce a zubar da ƙananan, manyan ai sun fi ƙarfin magani. Wata kuma, wadda ta fi su natsuwa, ta ce in ni ba na so, akwai masu saye a Tanut da ba sa sa kunne a buhu. Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi, don gaskiya ce. Matan nan sun bar barci, ƙarangiya ta cika musu zane, kuma wannan ne kamu na farko mai kyau da suka gani a shekarar. Ba za su zuba shi a rami don Mushe ya ji shiru ba.

Kada samari su ɗauka waliyyi ne ke ba su labari. Lissafin a fili yake. Duk Damagaram an san farar yankin Gangara ta hannuna take bi. Ko wa ya saye ta, in ta kwantar da yaran mutane, sunana za a kira. Don haka na ce zan karɓa, amma da gero, daga rumbun gidana, tunda abin da zan saya ba kaya ba ne. Inna Habsu ce ta tsaya a kan awon, ba ta rage mini ko tafi guda ba. Sai da aka gama ta karɓi shebur daga hannun wani, ta fara haƙa da kanta. Da aka juye buhun ƙarshe ta leƙa ramin ta ce ba ta taɓa ganin ƙwai irin na bana ba. Aka rufe, aka ɗora ƙaya saboda karnuka. Ruwan tano aka ba masu wanki.

Da yamma na kira Hajiya na ba ta labarin tun daga amalanke har rami. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Ta ce na kyauta, Allah Ya saka, ita ma tana da jikoki masu cin farar nan. Sannan ta tambaya ko akwai abin da zai shigo motar kasuwa. Na ce babu, sai in sanyi ya zo.

"To Mushe, kaskona ba ya soya labari."

Sanyin ya zo, bayan an daina jiransa. Ya tarar da ciyawa ta bushe, fara ta zuba ƙwai ta tafi. Abin da muka tara a sauran lokacin na kai Damagaram da kaina. Hajiya ta karɓe ni da kyau, ta sa aka kawo mini ruwa, ta zura hannu ƙasan buhu, ta ɓalle kai, ta tauna, ta ce wannan fara ta yi kyau ƙwarai. Nan na san an sallame ni. A bayanta ga buhunan mutumin kudu a jere har rufi. Na tambaye ta ko shi yana jiran buhu ya farka. Ta ce ba ta tambaye shi ba, a bushe yake kawowa, busasshiya kuwa duk shiru take.

Na ƙara 'yan shekaru ina gwadawa da ƙananan masu suya. Wata shekarar fara ta riga sanyi, wata shekarar ruwan bazara ya yaudari ƙwai, wata kuma aka samu, har mutane suka ce komai ya dawo daidai, sai ta gaba ta ƙaryata su. Abu ɗaya dai ya canja a ƙauyen Inna Habsu. Yanzu duk wanda ya fesa, ko a wane wata ne, sai ya ɗaura jan tsumma, in kuwa ya manta, ita ke zuwa ta tuna masa, kuma ana jin tunin daga gari na gaba. Matan kuma in suka tarar da fara a kwance, sukan tsaya su tambayi junansu ko akwai wadda ta ji sanyi a jikinta.

Saboda haka, samari, ga abin da za ku tanada in kun ƙudura. Buhun algarara, ba leda ba. Tanon da kuka san abin da ya taɓa ɗauka. Kunne mai haƙuri. Mace irin Inna Habsu a daji, da mace irin Hajiya a birni, da ƙarfin jure bakin kowacce. Sai ku san lokacin da ƙwai zai fashe, da lokacin da fara za ta ƙosa, da lokacin da sanyi zai sauka, ku kuma tabbata ukun za su amsa kira a shekara ɗaya. Wanda ya haɗa waɗannan ya riƙe sana'ar da ta ciyar da Damargu tun kafin a kafa lakwal ta farko, kuma ya cancanci a tashi tsaye in ya shigo.

Ni gyaɗa nake sayarwa yanzu, a bakin tasha, kusa da mai faci.